Baba Auta Mai Ɗinkin Riga Biyu

Kafin in buɗe ƙofar ɗakin wasiƙu da safe, Baba Auta ya riga ya iso. Zai shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar da ke jikin ofishin En'e na Birnin Gwari, ya zazzage kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya: basilla biyu, allura, almakashi, zare, curin kakin zuma, ƙyallayen akoko, tandu manya da ƙanana, da ɗan buhun audugar rimi. Sai ya yi bisimilla, ya kama murza zare a jikin kaki, yana jiran wanda Allah zai kawo. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka, tun kafin a kawo ni garin nan a matsayin akawun wasiƙu. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne, sunansa ba ya cikin takardar kowa. Baduku ne kawai, wanda ya san yadda ake naɗe kaya su yi tafiya mai nisa su isa lafiya.

Juma'ar da ta wuce ya naɗe buzun nan naɗewar ƙarshe. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, ɗayan kuma haske kawai yake gani da shi. Ba a yi taro ba, ba wanda ya zo ya ce masa sannu da aiki. Kuma na san dalili. Akwai tabo a jikin sunan tsohon nan shekara goma cur, har yau in ka je Randagi za ka ji ana ce masa maƙaryacin baduku. Ni Salmanu akawu ni na shafa masa wannan tabo, kuma ba na so ya shiga kabari da shi. Amma bari in fara gaya muku irin ma'aikacin da yake.

Duk wanda ya kawo saƙo, sai Baba ya tambaye shi abin da ke ciki da inda za shi. Daga nan ya ɗauki abin ya jijjiga a kusa da kunnensa, ya sunsuna, ya ɓata fuska. Ban taɓa ganin ƙunshin da aka naɗo daga gida ya gamshe shi ba. "Wa ya ɗaure wannan? Haba! Ai ko gidan surukai ba a kai shi haka, balle Kano." Shi a wurinsa kowane kaya da irin rigarsa. Zuma da man shanu sai tandu, a liƙe bakin da kaki. Daddawa a naɗe ta a ganye, a sa a gwangwani, don in ƙamshinta ya fita tururuwa sun sami hanya. Garin kuka da yaji a jakar fatar akuya. Hula da riga a barbaɗa musu tazargade saboda asu. Abin da ke fashewa a binne shi cikin audugar rimi har sai an jijjiga ba a ji motsi ba. Bayan duk wannan ya ɗinke da akoko, ya goge shi da kaki a rana har ruwa ya riƙa zamewa a kai, ya bar mini fili tafin hannu ɗaya inda zan rubuta adireshi in manna kan sarki.

In kana ganin ya cika tsanani, tambayi Gambo, mutumin da ke ɗaukar jakar wasiƙu a kansa ya ratsa dajin nan da ƙafa har inda zai haɗu da motar da ke kai ta tashar jirgin ƙasa. Da damina kogin Mariga bai san takardar gwamnati ba. Gambo ya ce sau biyu ruwa na ƙwace jakar daga kansa, kuma duk sau biyun ƙunshin Baba Auta ne kaɗai aka buɗe aka sami cikinsa a bushe. Shi ne kuma ke ba da labarin Bappa, wani Bafulatani mai taurin kai da ya kawo man shanu a gora zai aika wa ƙanensa Zariya. Baba ya ce a juye a tandu. Bappa ya ce goran nan tun kakarsa yake, bai taɓa ba da kunya ba. Rana ta buga shi a tsakiyar daji, toshiyar ta yi tsalle, man ya bi wasiƙu ashirin da bakwai har da ta Di'o, baturen mulki. Gambo ya iso yana ƙyalli tun daga ƙeya har dunduniya, ƙudaje na yi masa rakiya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yi wa Baba gardama a kan gora.

Sai yaƙin Hitila ya zo, aka kwashi samarinmu aka tsallaka da su teku zuwa Bama. Dariya ta ƙare a gindin tsamiya. Iyaye mata suka fara zuwa daga ƙauyuka da ƙulle-ƙullen kuka da kilishi da layu, a aika wa yaran. To a nan aka sami matsala biyu. Ta farko, da yawa cikin yaran nan ba su iya rubutu ba, ko boko ko ajami, saboda haka uwa ba ta da hanyar sanin ko saƙonta ya isa. Ta biyu, matan suka ƙi yarda a ɗinke kayan 'ya'yansu cikin farin ƙyalle zalla. Suka ce ya yi kama da likkafani, kuma wallahi ya yi.

Baba Auta ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya fito da dabarar da ta sa ake kiransa mai riga biyu. Ya tsoma akoko a ruwan karan dafi ya zama ja. Da jan zai fara ɗinke kaya, in rubuta sunan uwa da ƙauyenta a kai. Sannan ya rufe da farin, in rubuta sunan soja da lambarsa. In yaro ya karɓa, sai ya yar da farar rigar, ya kwashe kayansa, ya sa ko maɓalli ɗaya ne a cikin jar, ya ɗinke ya miƙa wa sajensa. Ba ya bukatar alƙalami. Ba a daɗe ba duk ƙasar nan ta iya karatun. In ƙunshi ya dawo ja, hannun yaro ya taɓa shi, yana da rai. In ya dawo fari yadda ya tafi, ba a sami mai shi ba. Ranar da Gambo zai iso, mata sukan cika gindin tsamiya, idon kowa a bakin jaka.

Kai ne ka ba iyayen da ba su san bihim ba wasiƙar da za su karanta da idonsu, Baba. Kai ne kuma, duk ranar da fari ya fito, kake ajiye basilla ka ɗauke shi da hannu biyu ka kai wa mai shi, ka durƙusa ka faɗa mata da bakinka. Sau tara na ga ka yi haka. Ni mai takalmi da alƙalami ina ciki ina leƙe ta taga.

Cikin matan akwai Inna Hassana ta Randagi. Ɗanta guda ne, Hammadu, kuma shi ne na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Ya bar mata matarsa Safiyatu da gonar dawa. Farkon damina ta kawo zumar da ta samo daga amyoyin da shi Hammadu ya ɗaura a daji kafin a tafi da shi. Baba ya zaɓi ƙaramin tandu ya dura, ya liƙe baki da kaki har sau biyu, ya kewaye da audugar rimi, ya sa ja, ya sa fari. Ta ce, "Baduku, ba za ta zube ba ko?" Ya ce, "Inna, ko shekara goma za ta yi a hanya." Daga nan duk ranar jaka sai ta tako daga Randagi da sandarta, ta zauna har a watse, ta koma.

Wata goma sha ɗaya bayan haka ƙunshin ya dawo. Fari. Da hatimin soja a kai, da kalma ɗaya ta Turanci wadda na fi kowa sanin ma'anarta: ya rasu. Ranar Baba Auta ba ya nan, ya tafi wajen Saminaka sayen kaki. An yi yayyafi, don haka a cikin ɗaki na buɗe jakar, ba a waje ba. Na leƙa, ga Inna Hassana a rakuɓe jikin bango, zanenta a jiƙe, tana kallon ƙofata. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin. Na ce a raina tsohuwar nan in na miƙa mata fari, a nan za ta faɗi, kuma a gabana.

Ga abin da na yi, ku ji shi yadda yake. Na sa reza na farke farar rigar na cusa ta a aljihu. Na farke jar, na ciro tandun na jefa shi can bayan kabad. Na ɗauko sabon hankicina da sabulu guda na sa a ciki. Burgamin Baba, jakar kayan aikinsa, yana rataye a ɗakina inda yake barinsa in zai yi tafiya, na zaro allurarsa da zarensa na ɗinke. Na fito ina murmushi kamar mutumin kirki. Inna Hassana ta ga ja, ta saki sanda ta rangaɗa guɗa har masinjojin ofis suka fito. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Na karɓi albarkar nan.

Na ɗauka jinƙai na yi. Ƙarya ne, tsoro ne. Mako shida tsohuwar nan tana yawo da hankicina a Randagi tana nuna wa mutane. Ta sa aka sake jinkar ɗakin Hammadu. Safiyatu, wadda ya kamata tana takaba, tana can tana yi wa mamaci daɓe.

A mako na bakwai ta dawo da sabon ƙulli, kuka da barkono, ta kuma zo da jar rigar don Baba ya gani. "Baduku, ga rigarka ta je Bama ta dawo. Ka sake sa masa ita, tana da sa'a." Ina tsaye a bakin ƙofa. Baba ya karɓa yana dariya, ya shafa ɗinkin da babban yatsa, sai dariyar ta tsaya. Ya zare guntun zaren da ya rage a jiki, ya murza, ya kai hanci. Sannan ya ce, "Inna, yau hannuna ba daɗi. Ki koma, ni zan zo har gida."

Da ta tafi ya shigo ɗakina ya turo ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Akawu, a Bama akwai kakin dajinmu?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ka sani. Zarena ne wannan, ni na murza shi. Ina farar?"

Na ciro ta daga ƙasan akwati na miƙa masa. Na fara kuka ina cewa tausayi ne ya sa. Ya ce, "Tausayin wa? Ita ka tausaya wa, ko kanka?" Ya ce akwai mata goma sha huɗu a ƙasar nan da ke barci saboda sun ga ja. In ja ya fara ƙarya, me ya rage musu? Na ce to gobe zan je in faɗa mata, in an kai ni gidan yari don na buɗe saƙon mutane, shi ke nan. Ya girgiza kai.

"Kai kake karanta wa garin nan wasiƙa. Bakinka ne idonsu. In suka daina yarda da kai, ko wa aka kawo ba za su yarda da shi ba. Ni baduku ne, an saba zagina. Zauna."

Kuma na zauna. Wannan ne laifina na biyu, ya kuma fi na farko muni, don na yi shi da hankalina a jikina.

Washegari ya tafi Randagi da ƙafa, farar riga a hannu. Safiyatu ce ta ba ni labarin yadda aka yi, bayan shekaru. Ta ce ya yi sallama, ya ƙi hawa tabarma, ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Inna, sai haƙuri. Allah ya yi wa Hammadu rasuwa. Ƙunshinki fari ya dawo. Jar da aka ba ki a Birnin Gwari aka ɗinke ta." Tsohuwa ta tambaye shi wa ya yi mata haka. Ya ce, "Ki ɗora a kaina, laifina ne." Ta kalle shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko hankicin ta jefa masa a fuska. Ta ce, "Ka kashe mini shi sau biyu. Allah ya isa tsakanina da kai." Ya ce amin, ya tashi. Takardar gwamnati mai sanar da rasuwar ba ta iso ba sai bayan wata biyar.

Kai ne ka je gida goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, Baba, ka ce a fito da jajayen rigunan, ka nuna wa kowace uwa zaren soja da ke jiki, baƙin zare wanda ba irin namu ba, don hankalinta ya kwanta. Wasu sun yarda, wasu sun rufe maka ƙofa. Mutanen Randagi suka daina kawo maka aiki. Suka koma ɗaure kayansu da kansu da igiyar rama, rabi ya ruɓe a hanya, kana gani daga gindin tsamiya kana cizon leɓe, ba damar magana. Yara suka sa ka a waƙa. Da aka gama yaƙi sojoji suka dawo, biyu ko uku sun zo sun gaishe ka, suka ce yajinka ya isa kurmin Bama bai jiƙe ba. Sauran sun ji abin da ake faɗa a gida, sun bi ta bayan ofis. Ni kuma aka ƙara mini girma, ana ce mini akawu mai gaskiya. Kullum da safe ina wucewa ta gabanka in ce, "Ina kwana, Baba?" ka ce, "Lafiya lau, Akawu," ka miƙo mini ƙunshi in rubuta adireshi. Ko sau ɗaya ba ka yi mini kallon da zan tuna ba. Da ma ka yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'ar nan da yake tattara kaya, na shiga na ja kabad na ciro tandun. Ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi gida a wuyansa. Na goge na sa masa a hannu. Bai gan shi ba, amma yatsunsa sun gane shi nan take. Ya bi bakin da farce, ya sunsuna.

"Ya ɗiga?"

"Ko ɗigo ɗaya, Baba."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin baduku. Na ce masa zan je Randagi in faɗi gaskiya. Ya ce, "Bari, Akawu. Abin ya wuce." Na ce wannan karon ba zan zauna ba. Sai ya ce, "To naɗe shi a akoko, ka san akwai rafi biyu a hanya."

Na je ranar Lahadi. Safiyatu ta daɗe da yin wani aure, amma tana zuwa kullum ta duba tsohuwa, ita ta shigar da ni. Na tarar da Inna Hassana a kan tabarma a rana, ta ƙanƙance, kai ya yi fari fat. Na durƙusa na faɗi komai tun daga reza har hankici. Safiyatu ta rufe baki da gyale tana salati. Tsohuwa kuwa tandun kawai take kallo. Ta miƙo hannu ta karɓa, ta rungume, ta ce, "Yaron nan ne ya aiko?"

Na ce, "A'a, Inna. Zumarki ce. Ni na ɓoye ta. Baduku ba shi da laifi."

Sau uku ina maimaitawa. Safiyatu ta ce mini in haƙura, tun bara hankalin ya tafi, wani lokacin ita ma ba ta gane ta. Na tashi zan fita, sai tsohuwa ta kira ni. Ta ce, "Akawu, Allah ya yi maka albarka. In za ka mayar masa da amsa, kada ka kai wa badukun nan. Maƙaryaci ne."

Kaico! Duk abin da ta sani a duniya ya zube, wannan ne kaɗai ya rage. Na makara da shekara ɗaya, bayan na yi tara ina da dama.

Shi ya sa na rubuto muku. Wadda ya kamata ta ji ba za ta ƙara ji ba, saura ku. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in yana da ɗan'uwa a Randagi ko Saminaka, ya karanta masa da ƙarfi, a kasuwa in da hali. In ta kai teburin Di'o, ta kai, ya san inda ɗakina yake. Masu sana'a kuma, ku dubi tsohon nan ku yi koyi. Yanzu an fara kawo akwatunan kwali daga Kaduna, kowa na ɗaure kayansa yadda ya ga dama. Ba laifi, amma ku tambayi abin da ke ciki da inda za shi kafin ku zaɓa masa riga. In kuma labari mai ɗaci ya biyo ta hannunku, ku kai shi yadda ya zo, kada ku sake masa ɗinki.

Baba Auta, mai riga biyu, na gode. Na gode a madadin iyayen da suka yi barci saboda ja, da waɗanda ka durƙusa a gabansu da fari. Na gode da shekara goman da ka ba ni, waɗanda ban cancanta ba. Allah ya saka maka, ya ba ka haske inda ido ya gaza. Gidansa yana bayan marina, ƙofa ta uku, yana zaune a zaure tun daga hantsi har la'asar. Ku je ku gaishe shi yanzu da yake yana ji. In kun shiga ku faɗi sunanku, ba ya gani.